Igwa daga sama: mene ne aikin sojan atilare a rundunar laima ta Amurka?

Duk ranar 6 ga Yuni ana taruwa a Normandi ta ƙasar Faransa don tunawa da saukar sojojin Ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, ta 1944. Ana turo tsofaffin sojojin Amurka a keken marasa lafiya, ana karanto sunan rukunin da kowannensu ya yi wa aiki. Amurkawa kusan miliyan 16 ne suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, amma lokacin da aka yi bikin cika shekara 80 a 2024 waɗanda suka rage da rai ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ya sa labarin rasuwarsu ya yawaita a kafafen watsa labarai, kuma a irin waɗannan rahotanni ne akan ji an ce wane "sojan atilare ne a rundunar laima". Maganar tana rikita mai sauraro. Wani ya ɗauka mayaƙin sama ne da ke harbi daga cikin jirgi, wani ya ɗauka mai kakkaɓo jirage ne daga ƙasa. Mutumin sojan ƙasa ne, sana'arsa igwa, sai dai shi da igwar tasa ta sama ake kai su fagen fama, a bayan layin abokan gaba.

## Kalmomi uku da ya kamata a rarrabe

Atilare shi ne sashen soja mai manyan bindigogi da ke jefa harsashi mai fashewa zuwa wurin da mai harbin ba ya ko gani. Sojan laima shi ne wanda ke dirowa daga jirgi da laima a bayansa. Akwai kuma na uku da ake yawan mantawa da shi, wato sojan gilaida. Gilaida jirgi ne marar inji, an ƙera shi da bututun ƙarfe da falanki da tamfol. Wani jirgin ne ke jan sa da igiya, idan an iso wurin sauka a sake shi ya sulalo ƙasa. Sauka ɗaya gare shi, ba ya iya sake tashi ya gyara.

A watan Agusta na 1942 Amurka ta kafa rundunoninta biyu na farko na sojan laima, ta 82 da ta 101, kowacce da bataliyoyin igwa iri biyu. A lokacin yaƙin runduna ta 82 tana da bataliya ta 376 da ta 456 masu dirowa da laima, da ta 319 da ta 320 masu shiga da gilaida. Ta 101 tana da ta 377 ta laima, da ta 321 da ta 907 na gilaida. Bataliyar laima igwa 12 gare ta, an kasa su gida uku, huɗu-huɗu. Duk wanda aka ce ya yi atilaren rundunar laima a Turai, to yawanci a ɗaya daga waɗannan ko 'yan'uwansu na runduna ta 17 ya yi zamansa.

## Me ya sa aka ga dole sai da igwa

A watan Mayu na 1941 Jamus ta ƙwace tsibirin Kirit na Girka da sojojin laima. Ta yi nasara, amma asarar rayukan da ta yi ta sa Hitila ya daina yarda da manyan hare-hare irin wannan. Amurka da Ingila kuwa nasarar suka gani, suka shiga gina nasu rundunonin gadan-gadan.

Matsalar da ta tsaya musu ita ce, sojan da ya diro da laima abin da ke jikinsa kaɗai ya mallaka: bindiga, gurneti, wuƙa, da guzurin kwana biyu ko uku. Abokin gaba kuma yana gida, yana da tankoki da igwoyi da hanyar mota. Tsakanin saukar 'yan laima da isowar babbar runduna ta ƙasa ko ta ruwa akan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Wannan tazara ita aka ƙirƙiri atilaren laima don ya cike.

Igwar da aka zaɓa ba sabuwa ba ce. Mai bakin milimita 75 ce da aka ƙera tun shekarun 1920 don yaƙin duwatsu, yadda za a kwance ta a ɗora wa alfadarai. Nauyinta ya ɗan haura kilo 600, tana jefa harsashi mai kilo 6 da 'yan kai zuwa kusan kilomita 9. Idan aka gwada ta da igwa mai milimita 105 da rundunonin ƙasa ke ja da manyan motoci, ƙaramar alhaki ce. Amma ita ce ke shiga jirgi, kuma da babu gara ba daɗi. Wannan matsala ta kai igwa inda babu hanya ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin da suka yi yaƙin Bama: rundunonin Afirka ta Yamma ma da sojojin dako suka dogara, kaya a ka cikin kurmi, abinci da albarusai kuma jirage ke jefo musu.

## Yadda ake jefo igwa

Ana kwance igwar a kasa ta da kayanta ƙunshi tara. Shida ana rataye su a ƙarƙashin cikin jirgin dakon kaya samfurin C-47, uku ana ajiye su bakin ƙofa a tunkuɗa su da hannu, sannan sojojin su biyo baya. Kowane ƙunshi da laimarsa, kuma akan bambanta launin laimomin don a gane mene ne a ciki. Da sojan ya taɓa ƙasa ya kwance laimarsa, aikinsa na farko nema ne. Bututun yana can cikin gona, tayoyin suna bayan shinge, akwatin saiti ya faɗa fadama. Yanki ɗaya ya ɓace, sauran takwas ɗin sun zama tarkacen ƙarfe. In an yi sa'a an haɗa ta, babu mota, sai mutanen su ɗaura ɗamara a ƙirji su ja ta kamar shanun huɗa, wasu na jan amalanken harsashi a baya.

Ta hanyar gilaida abin ya fi sauƙi ta wani gefen. Gilaidar Amurka samfurin CG-4A tana ɗaukar soja 13, ko motar jif ɗaya, ko igwa ɗaya a haɗe. Hancinta ake ɗagawa sama a gungura kayan waje. Har wata gajeriyar igwa mai milimita 105 aka ƙera don wasu bataliyoyin gilaida. Haɗarin shi ne, idan jirgin ya daki bishiya ko shinge, kayan da ke baya sukan tsinke su afko wa matuƙa da duk wanda ke gaba. Sau da yawa kuma igwa ta sauka lafiya a nan, jif ɗin da zai ja ta ya tarwatse a can.

Harbin kansa aikin gayya ne. Akwai hafsa mai hange da ke tafiya tare da sojojin gaba, shi da mai ɗauke masa oba-oba. Shi ke ganin inda harsashi ya faɗa ya ce a ƙara ko a rage. Akwai masu lissafi a baya, da taswira da jadawali, su ke mayar da maganarsa lambobin saiti. Akwai masu shimfiɗa wayar tarho, waɗanda ke bin ta da rarrafe cikin dare suna neman inda bam ya tsinka ta. Sai ma'aikatan igwar: mai saiti, mai ɗura harsashi, mai gyara kan harsashin, mai jan igiyar harbi, da saje da ke kansu. Wannan tsari na tara wutar igwoyi masu yawa a wuri ɗaya makarantar atilare ta Fort Sill a jihar Oklahoma ce ta gina shi tun shekarun 1930. Horon dira kuwa a Fort Benning ta jihar Jojiya ake yin sa, sai mutum ya diro sau biyar kafin a liƙa masa alamar fukafuki. Ke nan sojan sana'a biyu ya koya, kuma ko da yaushe ana iya tilasta masa ta uku, wato faɗan ƙasa da ƙaramar bindiga.

## Sisili da Normandi: lokacin da tsarin ya wargaje

Gwajin farko babba shi ne Sisili ta Italiya, daren 9 ga Yuli 1943. Kimanin mutum 3,400 ƙarƙashin Kanar James Gavin, har da bataliya ta 456, suka diro cikin iska mai ƙarfi, suka warwatsu a kudancin tsibirin. Ranar 11 ga wata, a wani tudu da ake kira Biazza, Gavin ya yi kiciɓis da tankokin Jamus ƙirar Tiger. 'Yan igwoyin da aka iya haɗawa aka turo kan tudun suka yi harbin ido da ido, aikin da ba don shi aka ƙera su ba. An riƙe tudun, amma sai da manyan igwoyin jiragen ruwa da na rundunar ƙasa suka sa hannu.

A daren ranar ne kuma aka yi mummunan kuskure. Jirage 144 suka taso da rukuni na biyu, cikinsu da bataliya ta 376. Jiragen ruwa da masu harbin sama na Ƙawance, waɗanda jiragen Jamus suka wuni suna yi wa luguden wuta, suka ɗauka abokan gaba ne suka dawo. Jirage 23 aka kakkaɓo da hannun 'yan'uwa.

A Normandi bataliya ta 377 ta diro kafin asubahin 6 ga Yuni 1944, nesa da inda aka nufa. Cikin igwa 12 ta rasa 11. Mutanenta suka koma faɗan ƙasa cikin ƙananan ƙungiyoyi, wasu suka juya igwoyin da suka ƙwace daga Jamusawa, har aka kawo musu wasu ta ruwa. Bataliya ta 319 da ta 320 kuma da yammacin ranar suka shigo da gilaida, cikin ƙananan gonaki masu dogayen shinge da wutar abokan gaba, aka yi asarar mutane da kaya tun kafin su harba harsashi ɗaya. Sojan da takardarsa ta ce "atilare, Normandi" zai yiwu ya yi kwanakinsa na farko bai ko ga igwa ba.

## Holan da Bastogne: lokacin da ya yi aiki

Darasin da aka koya shi ne dare ne babban abokin gaba. Saboda haka harin Holan na 17 ga Satumba 1944 da rana tsaka aka yi shi. Bataliya ta 376 ta diro kusa da Groesbeek, kuma cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci igwa 10 cikin 12 sun haɗu suna harbi. Kwamandanta, Laftanar Kanar Wilbur Griffith, ya karye a idon sawu wajen sauka, mutanensa suka samo baro suka riƙa tura shi yana ba da umarni.

Abin lura shi ne, faɗan da ya fi ɗaga sunan waɗannan bataliyoyi a mota suka je shi. Da Jamus ta kai harin bazata a dajin Ardennes ranar 16 ga Disamba 1944, aka loda runduna ta 101 a manyan motoci zuwa garin Bastogne na Baljiyam, mahaɗar hanyoyi. Kwamandan rundunar, Maxwell Taylor, yana Amurka, don haka ragama ta faɗa hannun shugaban atilarenta, Birgediya Janar Anthony McAuliffe. Bataliya ta 463, wadda ta yi Italiya da kudancin Faransa kuma ba ta daɗe da isowa sansanin ba, ita ma ta bi ayarin duk da ba a riga an sa ta cikin rundunar a hukumance ba.

Jamusawa suka kewaye garin. Da yake an zama da'ira, igwa da ke tsakiya tana iya juyawa ta harba kowane gefe, kuma McAuliffe ya ci moriyar haka wajen tara wuta duk inda aka matso. Abin da ya kusa karya su harsashi ne, har aka kai ga lissafin goma ga kowace igwa a rana. Ranar 22 ga wata Jamusawa suka aiko a miƙa wuya, McAuliffe ya mayar musu da amsa ta kalma ɗaya mai nuna raini. Washegari gari ya washe, jirage suka jefo kaya. Ranar Kirsimeti tankoki 18 suka ɓalle ta yammacin da'irar, wasu suka nufi ƙauyen Hemroulle inda ta 463 take, aka sake harbin ido da ido. Babu tankar da ta koma. Wace ƙungiya ce ta lalata nawa, har yau bayanan ta 463 da na masu farautar tankoki da na sojojin gaba ba su daidaita ba, abin da ba sabo ba ne idan mutane da yawa sun harbi abu ɗaya cikin hazo. An karya ƙawanyar ranar 26 ga Disamba.

A cikin da'irar akwai wasu masu igwa da ba 'yan laima ba. Bataliya ta 969, ta baƙar fata, tana da manyan igwoyi masu milimita 155, tare da ragowar bataliya ta 333. Sojan Amurka a lokacin a ware yake bisa launin fata, bataliyoyin laima da suka yi yaƙi duk na farar fata ne. Bataliyar laima ɗaya ta baƙar fata, ta 555, ba a kai ta fagen fama ba, kashe gobarar daji aka tura ta yi a arewa maso yammacin Amurka a 1945. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariyar a soja.

## Muhawarar da ba ta mutu ba

Tun yaƙin na ci ake jayayya. Bayan Sisili Janar Eisenhower, babban kwamandan Ƙawance a yankin, ya rubuta wa Janar Marshall, shugaban sojojin ƙasa na Amurka, cewa bai gamsu da a riƙa tara 'yan laima runduna guda ba. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Janar Joseph Swing, shi ma tsohon ɗan atilare, aka yi babban atisaye a Karolina ta Arewa a Disamba 1943, sakamakonsa ya ceci rundunonin.

Masu suka suna kafa hujja da tsada. Ana kwashe zaɓaɓɓun samari daga sauran rukunoni, ana ɗaure ɗaruruwan jirage, a yi watanni ana jiran harin da sau da yawa ake sokewa. Kuma bayan duk wannan, igwar ba ta da ƙarfin da zai tsayar da tankoki. Misalinsu garin Arnhem na Holan ne: 'yan laiman Ingila da irin wannan igwa mai milimita 75 suka sauka a makon da ta 376 ta yi nasararta, kuma cikin mutum kusan 10,000 waɗanda suka tsallako kogin Rhine suka dawo ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ɗan abin da suka iya riƙewa a ƙarshe ma da taimakon manyan igwoyin rundunar ƙasa ne daga ƙetaren kogi.

Masu goyon baya sun ce gwada ta da babbar igwa kuskure ne, domin a sa'o'in farko babbar ba ta nan. Jirgin yaƙi yana jiran gari ya washe, jirgin ruwa yana buƙatar oba-oba ta yi aiki kuma a kasance kusa da teku. Igwar da ke hannunka kuwa dare da hazo ba sa hana ta. Idan aka jera misalan, abin da ke fitowa shi ne ɓangarorin biyu kowa da inda ya yi daidai: inda aka sauka a dunƙule kuma agaji ya iso da wuri, igwar ta biya kuɗinta, inda aka warwatse ko agaji ya makara, ba ta canza komai ba.

Bayan harin ƙetare Rhine na 24 ga Maris 1945, wanda runduna ta 17 ta yi kusa da garin Wesel na Jamus, gilaida ba ta daɗe ba aka yi watsi da ita, jirgi mai saukar ungulu ya gaje ta. Manyan jiragen dakon kaya kuma suka ba da damar jefo igwa a haɗe ba tare da an kwance ta ba. Sunan 319 yana nan har yau a kan rejimantin atilaren runduna ta 82, da igwa mai milimita 105 samfurin M119. Tsohuwar tambayar ma tana nan. A Fabrairu 2022 sojojin Rasha da aka sauke da jirage masu saukar ungulu sun kama filin jirgin Hostomel kusa da Kiyef, amma igwoyin Yukiren suka lalata titin jirgin, manyan jiragen da za su kawo ƙarin ƙarfi ba su iya sauka ba.

## Abin da ya shiga aljihun soja, da abin da ya bar wa iyali

Ƙaramin soja a lokacin dala 50 yake karɓa a wata. Na laima ana ƙara masa wata 50, hafsa 100, kuma da kansa yake neman shiga. Na gilaida tura shi ake yi, babu ƙarin ko sisi, babu laima a bayansa, har sai a Yuli 1944 aka fara ba shi nasa ƙarin. Biyu ke nan a runduna ɗaya, igwa iri ɗaya, albashi daban, kuma abin ya daɗe yana jawo tsama tsakaninsu. Akwai kuma inshorar rai ta dala 10,000 da ake matsa wa kowa ya cika takardarta kafin a tashi.

Da yaƙin Turai ya ƙare a Mayu 1945, sallama da maki aka yi ta: ɗaya kan kowane watan aiki, ƙarin ɗaya kan kowane wata a ƙetare, biyar kan kowace lambar yabo ko fagen fama, 12 kan kowane ɗa har uku. Wanda ya tara 85 ya kama hanyar gida. Tsofaffin hannu da suka faro tun Sisili suka wuce gaba, waɗanda aka kawo cike gurbi suka zauna zaman mamaya. Dokar tallafin tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya wa miliyoyi kuɗin makaranta da lamunin gida, ko da yake a jihohin kudu jami'an yankin sun tauye wa baƙar fata rabonsu. Masu igwa da yawa kuma sun koma da kunnen da ba ya ji sosai, domin ba a damu da kariyar kunne ba a wancan zamani. Har yanzu ƙugin kunne shi ne lalurar da hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta fi biyan diyya a kanta.

Jikokin da ke son sanin inda kakansu ya yi yaƙi kan ci karo da wani cikas. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis na Amurka, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Abin da ake komawa gare shi yanzu shi ne takardar sallama idan iyali sun adana ta, da rahoton safiya da kowane rukuni ke cikawa kullum na wanda ya zo, wanda ya ji rauni da wanda ya ɓace. Lambar bataliya ita ce mabuɗin. Wanda ya ga 377 a takardar kakansa ya san daren Normandi zai fara bincikawa, wanda ya ga 462 kuwa Turai ba tasa ba ce, tsibirin Corregidor na Filifin zai nufa, inda bataliyar ta diro ranar 16 ga Fabrairu 1945.